Waƙar da Kakata Ta Raba Gida Uku

Shekara arba'in da ɗaya ke nan, a wannan makon, da rasuwar kakata, Inna Kulu ta unguwar mahauta a Talata Mafara. In an bi lissafin wata shekarun za su ɗan haura haka, kuma ƙanwata tana cewa na yi kuskuren mako guda. Mai yiwuwa ita ce da gaskiya. Na daɗe ina son in rubuta wani abu a kanta a wannan fili, sai in fara in ajiye, don ina tsoron in faɗi abin da ban tabbatar ba. Na taɓa yi mata haka sau ɗaya, a rubuce, kuma labarin da zan bayar ke nan.

Ba wanda ya san shekarunta daidai. Abin da take faɗa kawai shi ne ta isa ɗaukar tulu daga rijiya lokacin da labari ya iso Mafara cewa Nasara sun shiga Sakkwato. Ke nan ƙuruciyarta a zamanin daular Sakkwato ta yi ta, tun alƙali da malami ne ke da ta cewa a gari. Ubanta mahauci ne, mijinta mahauci ne, ɗanta Mamman, wato mahaifina, shi ma da wuƙa da gatari ya ciyar da mu. Ni ne na farko a gidan da ya shiga jami'a. Inna ba ta karanta boko, ba ta karanta ajami, amma kanta cike yake da waƙoƙin wa'azi na mutanen da, waɗanda ta koya tana yarinya daga bakin wata jaji. Jaji, ga waɗanda ba su riski labarin ba, tsohuwar malama ce mai malfa a ka, wadda ke yawo a ƙasa gari gari bayan girbi tana karantar da mata addini cikin waƙa.

Kowace safiya, in rana ta ɗan ɗaga kafin a sha kunu, Inna takan zauna a kan buzunta a bakin ɗaki ta ba da baiti ɗaya. Ɗaya tak. Ta rera shi sau uku da muryarsa, wanda ke gida ya karɓa. Washegari, kafin ta ba ka na gaba, sai ka amsa tambaya biyu: me baitin jiya ya ce maka, kuma wa ka ba shi. In ba ka ba kowa ba, ranar ba ka da rabo, ko da kai ne mai gidan.

Da na zo shekarar ƙarshe a jami'a aka ce kowa ya zaɓi abin da zai rubuta kundinsa a kai, sai na zaɓi waƙoƙinta, musamman wata doguwa da ba ta cika bayarwa ba. Na dawo dogon hutu da littafin rubutu sabo da rikoda da na aro. Niyyata in ɗauke waƙar duka a kwana uku in koma.

Ta dubi rikodar, ta dube ni.

"Maigida," ta ce, don haka take kirana da wasan jika, "akwatin ga, in na ba shi, shi wa za shi ba?"

"Inna, ajiyewa zai yi, kada ta ɓace."

"To ni mi nika yi tun ba a haifi ubanka ba? Ɗauke shi, kada kaji su hau."

Haka na zauna karɓar baiti ɗaya a rana kamar kowa. Sharaɗin bayarwa ne ya fi wahalar da ni, don ni mutum ne mai nauyin baki, har yau. Kwana huɗu a jere ina zuwa rumfar mahaifina a kasuwa ina rera masa a hankali yana sarar ƙashi. Da Inna ta gane, ta tafa hannu.

"Mamman kab ba? Wanda yas sha waƙar ga da nono? Kai dai ba ka da kunya, angon ga nawa. Yau babu, tahi ka nemo wanda bai da ita."

Daga nan na koma kan mai shayin bakin tasha da wani tela maƙwabcinmu, waɗanda suka jure mini, Allah ya saka musu.

Baitocin masu nauyi ne. Duniya da ruɗinta, ciwon ajali, wankan gawa, duhun kabari, tambayar mala'iku. Ba zan kawo su a nan ba, don ba haka ake ba da su ba. Na dai tuna ranar da na kasa cewa komai a kan wani baiti mai maganar gafala, na ce ita me ya ce mata. Ta ce ita ɗiyar mahauci ce, ta sha ganin sa yana tuƙa ana jan sa zuwa mayanka, kuma ba ta taɓa yi masa dariya ba, don ita ma da safen nan ta yi faɗa a kan wanda ya taɓa mata goro. Na rubuta wannan a gefen shafi, ina jin kamar na samo wani abu da malamaina ba su da shi.

A rana ta ashirin da bakwai ta rera baiti, na karɓa, sai ta naɗe tasbaharta ta ce, "Nan nawa yat tsaya."

Waƙar kuwa a fili take ba ta ƙare ba. An bar mutum a kabari, ba hamdala, ba addu'ar rufewa.

"Inna, saura fa? Ko kin manta ne?"

"Ni?" ta ce. "Yaushe rabonka da Bakura? Gwaggwanninka sun san kana da gemu?"

Tana da 'ya'ya mata biyu, Gwaggo Hajo da ke aure a Bakura da Gwaggo Dije a Tsibiri ta ƙasar Maradun. Tun da na shiga makarantar kwana ban taka gidan ko ɗaya ba, shekara tara. Na ɗauka tsohuwa ta ji kunyar mantuwa ne ta sauya magana. Har tausayinta na ji. Ban sake tambaya ba, don kada in tozarta ta, ita ma ba ta sake tayar da zancen ba.

Na koma makaranta na rubuta, da hannuna, cewa mai ba da waƙar ta manta sauran baitocin saboda tsufa. Na ƙara da wata magana wadda ta fi wannan girman kai: cewa irin waɗannan waƙoƙi, bisa ga dukkan alamu, tsoratarwa kawai suka sani. Na sa "bisa ga dukkan alamu" ina ganin na yi taka-tsantsan. Aka ba ni sakamako mai kyau.

Ta rasu da damina, bayan na gama hidimar ƙasa, ina jiran fara koyarwa a wata sakandare. Takardar kama aiki ta iso ana saura 'yan kwanaki sadakar arba'in, ta ce in bayyana ranar Litinin mai zuwa.

Ranar sadakar, da hantsi, mata suna tsakar gida suna suyar masa. Na zo wucewa da tabarmi zan kai zaure, sai na ji Gwaggo Hajo a bakin tanda tana rera baitin nan na ashirin da bakwai ƙasa ƙasa. Na rage tafiya. Ta kai ƙarshensa, ta juya masa, ta shiga wani baiti da ban taɓa ji ba, da muryar nan dai, ba ko tangarɗa. Tabarmin suka zame mini.

"Gwaggo, ina kika samu wannan?"

"Ina zan samu? Shi na nawa. Da shi anka kai ni Bakura."

A nan, tana kwashe masa tana zuba ƙullu, ta ba ni labarin da da na yi tambaya ɗaya cikin ladabi da na ji shi daga bakin Inna. Jajin nan takan sauka Mafara ta yi kwanaki kaɗan, ta gangara Bakura, sannan ta biyo gulbi ta haura Maradun. Ba garin da take daɗewa har ta koyar da doguwar waƙa. Sai ta ba 'yan matan Mafara farko, na Bakura tsakiya, na Maradun ƙarshe, ta ce wadda ke son ta cika tata ta nemi 'yan uwanta. Ranar Talata, in iyaye mata sun zo cin kasuwa da auduga da daddawa da man shanu, 'yan matan sukan haɗu ƙarƙashin wata tsamiya bayan kara, inda ake ɗaure shanu, su yi musaya, baiti da baiti. Ba wadda ke ba da kason wani gari ga 'yar garinsu. Kowace nata take bayarwa. Shekarar da Nasara suka zo jajin ba ta dawo ba, ba a kuma sake ganinta ba. Inna ta cika tata ne a wurin wata yarinyar Tsibiri mai tallar daddawa, kusan shekara uku suna haɗuwa. Ƙawancen bai yanke ba har tsufa, kuma ɗan wannan ƙawar ne Gwaggo Dije ta aura.

Da Inna ta aurar da 'ya'yanta garuruwan nan biyu, sai ta yi yadda aka yi mata. Farko ya zauna a gida, tsakiya ya bi Hajo, ƙarshe ya bi Dije.

"Ke nan ta san ta duka?" na ce.

"Kamar sunanta. Amma a Mafara na Mafara taka ba da." Ta goge hannu a zane. "Nawa yana nan, ni lahiyata lau, Bakura kusa ta. Na Dije ko, in kana so, tashi za ka yi. Ka ga yau ma ba ta iya zuwa ba. Ƙahwahunta sun kumbura, tarin ga bai barinta. Ɗiyanta maza na duka, ba wanda yat tsaya yak karɓa."

Ranar Alhamis ce. Na kwana biyu ina juya abin. Mahaifina ya ce aikin gwamnati ba ya jiran kowa, kuma yana da gaskiya. Mutum nawa ke neman gurbin. Ni kuma na san kaina, ban taɓa makara ko da aji ɗaya ba. Na rubuta wa shugaban makarantar wasiƙa sau uku ina yagewa, na huɗun na aika da ita ta hannun wani direba, ban ma tabbata ta isa ba. Ranar Asabar na hau motar Maradun.

Na samu Gwaggo Dije a jingine da bango, an tallafe ta da matashi. Muka gaisa doguwar gaisuwa: gajiya, gida, ruwa, haƙurin rashi, mutanen Mafara ɗaya bayan ɗaya. Sai da ta gama lissafa su ta ce, "To kai wane na cikin ɗiyan Mamman?" Na faɗi sunana, Mu'azu. Na kuma ga bai kamata in karɓi komai ba sai na faɗi abin da na yi, sai na gaya mata abin da na rubuta a kan uwarta.

Na zaci za ta ɓata rai. Dariya ta yi har tari ya sarƙe ta aka kawo ruwa.

"Inna ta manta? Inna da ta tuna wadda tab ɓata mata allura tun ina goye? Kai, boko ya cuce ka, ɗan ga."

Na roƙe ta ta riƙa ba ni uku uku, ko biyu biyu, na ce saboda aiki. Ta gane ba aikin ne kaɗai ba.

"Tsoro kaka ji in mutu ban ƙare ba?"

"A'a, Gwaggo, Allah ya ƙara miki lafiya."

"Ƙarya kaka yi. Ni ma ina jin tsoron. Ɗaya ɗaya dai, haka anka ba ni."

Kowace safiya nakan tsaya a bakin ƙofarta ina sauraron ko zan ji tarin, kuma ban taɓa zaton zan yi murna da jin tarin mutum ba. In na karɓi baitina sai in fita neman wanda zan ba, a garin da ban san kowa ba. Wani manomi da na tare a bakin gonarsa ya ce, "Malam, in wa'azi na, bari in ƙare noman ga, in kuma allurar rigakahi ta, an yi muna." Wata mai fura ta saurara, ta ce muryata kamar ta ɗan akuya amma maganar ta shiga. A kwana na tara na rera wa wani dattijo a inuwar masallaci, ban kai rabi ba ya ƙarasa mini. Ya ce uwarsa 'yar Maradun ce, da wannan take yi musu reno, amma bai taɓa jin farkon waƙar ba, ya ɗauka ma haka ta fara. Daga ranar kullum bayan la'asar nakan ba shi ɗaya daga na Mafara. Sai daga baya na lura abin da 'yan matan tsamiya suke yi ke nan, sai dai mu da gemu.

Abin da ban shirya masa ba shi ne abin da baitocin suka ƙunsa. Kason Tsibiri duk rahama ne. Gafarar da ta fi laifi yawa, ceto, haɗuwar iyaye da 'ya'ya, godiya a kan ruwa da hatsi da lafiya. Wanda ya yi waƙar bai bar mutum a kabari ba. Ni ne na tsaya a can na rufe littafi na yanke masa hukunci. Akwai wani baiti mai magana a kan wanda ya yi kuskure ba da nufin cuta ba. Da Gwaggo ta tambaye ni washegari me ya ce mini, na buɗe baki na kasa. Ta ce, "To, ya isa, na ji. Wa kab ba?"

Kwana ashirin da uku na yi. Ta ba ni na ƙarshe da hamdalarsa da salatinsa, tana tsayawa tana numfashi a tsakanin layuka. Na isa makaranta a makare da mako uku, aka ba ni takardar tuhuma, na amsa da shafi huɗu. Shugaban ya karanta farkon, ya ɗago ya dube ni, ya ce in wuce aji kafin ya sauya ra'ayi. Kason Bakura, wanda ya zamana duk a kan haƙƙin maƙwabci ne da zumunci, a hankali na karɓe shi a wurin Gwaggo Hajo, hutu bayan hutu.

Yau nakan tambayi kaina me Inna za ta ce da ta ga zamaninmu. Kowace safiya wayata takan cika da baitocin mutanen da, an yi musu ado da hoton fure, mutum ɗaya ya tura wa ɗaruruwa kafin ya wanke ido. Ba na raina wannan. Ni ma ina yi, kuma na san matasa da ta nan suka fara son waƙoƙin. Ina jin da za ta ce, to, an bayar, amma a faɗa mata sunan mutum guda da aka zauna da shi. Ko kuma ba za ta ce haka ba. Hanyar Maradun da na bi da jaka ɗaya ba tare da tunanin komai ba, yau sai an yi tambaya an yi addu'a kafin a hau ta, wani lokaci a fasa. Mace mai hankali irinta, da ta ga haka, wataƙila da ta yarda murya ta bi waya tunda ƙafa ta kasa. Ba zan sa mata magana a baki ba. Abin da nake yi dai, ina tura baiti ɗaya da muryata ga mutum ɗaya, jikan Gwaggo Dije, kuma ba na tura na gaba sai ya amsa. Yakan yi kwana uku bai amsa ba, in zauna ina tunanin ko na takura masa.

Kundin nan yana nan a ɗakin karatu. Na taɓa zuwa na nemi a bar ni in gyara layi biyu, aka yi mini bayani cikin mutunci cewa abin da aka riga aka karɓa ba a taɓa shi, kuma na fahimta. Saboda haka nake roƙon duk ɗalibin da ya ci karo da shi ya ɗauki wannan a matsayin gyara: ba ta manta ba, kuma waƙar ba tsoratarwa kaɗai ba ce. Mai rubutun ne bai kai ƙarshe ba.

In na auna abin da ta bari, ba shi da yawa a ido: buzu, tasbaha, tukwane da aka raba. Ban san sunan jajin da ta koya mata ba, ban san wanda ya tsara waƙar ba, kuma ba zan rantse cewa kowace kalma ta iso gare ni yadda aka fara ta ba. Abin da na sani ba tare da shakka ba kaɗan ne. Tsohuwa ta ga jikanta yana nisa da danginsa, tana da abin da yake so a hannunta, ta hana shi, ta kuma yarda ya ɗauke ta a mai mantuwa, don dai wata rana ya shiga motar Tsibiri. A kan wannan hanin nake gode mata fiye da duk abin da ta ba ni.

Gwaggo Dije ta rasu da rani, wata biyar bayan zamana a wurinta. Na iso ana shirin fita da ita, na tsaya can baya inda baƙi ke tsayawa. A makabarta, da aka zo saukar da ita, babban ɗanta ya waiwayo yana neman wani a cikin jama'a, har idonsa ya faɗo kaina.

"Mu'azu, taho," ya ce. "Ta ce da kai za a sa ta."

Na cire takalmi na shiga.

Allah ya jiƙan Inna Kulu da 'ya'yanta, da ƙawarta mai daddawa, da malamar da ta taka ƙasa ta kawo musu. Ya sa kason ƙarshe na waƙar nan shi ne abin da suka tarar.